Yadda za a ɗaga moto a gida don gyara ba tare da ya faɗo kan mutum ba

 Yau za mu yi magana a kan moto, ko babur kamar yadda wasunmu ke cewa. Daga Maradi zuwa Damagaram, daga Tahoua zuwa Yamai, moto shi ne ke kai gero kasuwa, shi ke kai mai naƙuda likita tsakar dare, shi ne kuma gonar ɗan kabu-kabu. Amma ba kowane gari ke da gareji ba. Mutum na iya wayar gari ya tarar ƙayar aduwa ta sace masa iskar taya, ko sarƙa ta saki tana dukan murfinta, alhali bakanike mafi kusa sai ranar kasuwa ake ganinsa. Dole mai moto ya zage damtse ya yi da kansa.

Gyaran kansa sau da yawa ba shi da wuya. Inda hatsarin yake shi ne wajen ɗaga moton da barinsa tsaye taya ɗaya a sama. Irin motocin da muka fi hawa, kamar Boxer, Haojue, Kasea da makamantansu, nauyinsu na kaiwa kilo 100 zuwa 130. Wato ya fi buhun gero cikakke, kuma buhu ne na ƙarfe mai kaifi da zafi da isansi a ciki. In ya kife a kan ƙafar mai gyara, ko a kan yaron da ya tsuguna yana kallo, kuɗin magani sai ya ninka kuɗin bakaniken da aka so a tsimi. Abin da muke so kowa ya riƙe a yau guda ne: moton da aka ɗaga yana tsaye ne da ƙarfin ƙasar da ke ƙarƙashinsa da kuma wuri uku da ya dogara a kai. In ɗaya daga cikinsu ya motsa, moto ya tafi.

A fara tambaya: aikin na buƙatar ɗagawa?

Ayyuka da yawa ana yin su taya biyu na ƙasa. Canjin buji, wankin matatar iska, gyaran wayar birki ko ta kuloci, duba batir, duk ba su buƙatar a ɗaga komai. Juyen baƙin mai ma abin da yake so kawai moto ya tsaya daidai, wani ya riƙe shi. Ko facin taya, masu faci da yawa na zaro tub ta gefe ɗaya su liƙe su mayar, ba su kwance tayar ba. Sarƙa kuma ana iya shafa mata mai ana tura moton gaba kaɗan-kaɗan.

Ɗagawa na zama dole in za a canza tub ko taya gaba ɗaya, in za a buɗe gangar birki, in za a canza sarƙa da faifanta mai haƙora, ko a duba boris ɗin taya. A nan ma, ɗagawar santimita 2 ko 3 ta isa, daidai yadda taya za ta juya ba ta shafi ƙasa ba. Duk abin da aka ƙara a kan haka, ƙarin nisan faɗuwa ne.

Ƙasa ita ce farko

Yawancin gidajenmu rairayi ne. Ƙafar moto kuwa bakinta ɗan ƙarami ne, nauyi mai yawa na taruwa a ɗan wuri kaɗan, sai ta dinga nutsewa sannu-sannu. Mai gyara ba zai lura ba, don hankalinsa na kan noti. Sai moto ya karkata ya wuce inda za a iya tare shi. Da damina abin ya fi muni: ƙasar da ke da tauri da safe na iya yin laushi bayan yayyafi ɗaya.

Saboda haka a nemi wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, kamar daɓen siminti, ko daɓen ƙasa da ya bushe sosai. In babu, a share rairayin sama har a kai ga ƙasa mai ƙarfi, a daddaɓe ta, sannan a shimfiɗa katako. Katako mai kaurin santimita 3 ko 4, mai faɗin da ya kai taƙi ɗaya ko fiye, mai tsawon kamu ɗaya, ya isa ya raba nauyin. Wannan katako ya kamata ya zama cikin kayan kowane mai moto, kamar famfon iska. A guji kwano na rufi ko murfin tukunya, don ƙarfe a kan ƙarfe santsi yake yi.

In wurin na da ɗan gangare kuma babu wani, a juya kan moton ya fuskanci tudu. Dalili shi ne ƙafafun moto duka biyu, ta gefe da ta tsakiya, suna naɗewa ne in moto ya gangara gaba. In ya so komawa baya, ƙara kafewa suke yi.

Wuta, zafi da yara

Kafin a taɓa komai a kashe inji, a cire makulli a sa aljihu. A bar moton ya huce, aƙalla rabin awa in daga tafiya aka dawo. Salansa mai zafi na ɗaye fata cikin ƙiftawar ido, kuma wanda ya ƙone yakan zabura ne ya saki abin da yake riƙe da shi.

A rufe makunnin isansi da ke ƙasan tanki. In moto ya karkata, isansi na tsiyaya ta kabureta, wani lokaci har ta murfin tanki in an cika shi. Tururin isansi ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ne yana rarrafe, ba a ganinsa. A gidajenmu kuwa murhu na tsakar gida yake. Don haka a nisanci murhu, da mangal na shayi, da mai shan taba, da fitilar kananzir. A nisanci dannin kara da rumbu. In dare ya yi, a yi aiki da tocila, ko a haƙura sai gari ya waye.

Sai yara. Ba abin da ke jan yaro kamar moton da aka kwance wa taya. Wani zai so ya hau, wani ya juya tayar da ke sama, wani ya jingina. A ja musu layi a ƙasa a ce kada wanda ya tsallake, a sa babba ya kula. A ɗaure awaki da tumaki, don akuya na son goga jikinta a duk abin da ta samu tsaye. In aikin bai ƙare ba har za a tafi salla ko cin abinci, kada a bar moto a ɗage ba mai tsaro. Ko a sauke shi, ko a kwantar da shi, ko wani ya zauna wurin.

A sassauta noti tun taya na ƙasa

Wannan shi ne abin da mutane suka fi mantawa. Notin sandar da ta ratsa tsakiyar taya a ɗaure yake tamau, wani lokaci sai an taka sufana da ƙafa kafin ya motsa. In aka yi wannan kokawa moto na sama, ƙarfin da aka sa shi ne zai tunkuɗe shi daga kan abin da ya dogara. To, tun moto na ƙasa, wani ya riƙe shi ya danne birki, a cire ƴar ƙusar da ke hana notin warwarewa in akwai ta, a sassauta notin zagaye ɗaya kawai. Haka notin ƙarfen da ke riƙe gangar birki. Bayan an ɗaga sai a ƙarasa kwancewa da hannu cikin sauƙi. Wajen mayarwa ma haka: a ɗaura da hannu moto na sama, ɗaurin ƙarshe mai ƙarfi sai an sauke shi ƙasa.

A kuma sauke duk kayan da ke kan kariya, jarka ko buhu ko kwando, kafin a fara.

Hanya ta farko: ƙafar tsakiya

Wanda motonsa ke da ƙafar tsakiya, mai baki biyu, ya samu rabin gareji. Sai dai a duba ta tukuna. In ta lanƙwashe, ko waldarta ta tsage, ko baki ɗaya ya cinye ya fi ɗaya gajarta, a kai wa mai walda kafin a dogara da ita.

Ɗora moto a kanta dabara ce, ba ƙarfin baya ba. Ka tsaya a gefen hagu, hannunka na hagu a kan kan moto, na dama ya kama ƙarfen da ke gefen kujera ko gindin kariya. Ka sa ƙafarka ta dama ka saukar da ƙafar moton har ta taɓa katako. Ka ɗan girgiza moton har ka ji bakinta biyu sun zauna daidai. Sannan ka hau ɗan ƙarfen da aka yi don takawa da dukan nauyin jikinka, hannunka na dama na ja sama da baya. Moto zai hau da kansa. A sa takalmi mai rufe ƙafa, don silifa na zamewa.

Da ya hau, akwai abu uku da za a yi kafin a ɗauki sufana. Na ɗaya, a yanko roba daga tsohon tub a ɗaure hannun birkin gaba da ita, ya zama tayar gaba a kame take. Na biyu, a sa guntun icce ko dutse mai kusurwa a gaba da bayan tayar gaba. Na uku, a ɗaura igiya daga ƙafar tsakiya zuwa ƙarfen gaban inji ko zuwa tayar gaba, a ja ta da kyau. Wannan igiya ita ke hana ƙafar naɗewa in an tura moton gaba bisa kuskure, misali lokacin da ake buga sandar taya ko ake tura tayar don sarƙa ta saki.

A kan ƙafar tsakiya, galibi tayar baya ce ke sama, ta gaba na ƙasa. In tazarar ba ta isa a zaro tayar baya ba, akwai dabarar da ƙasarmu ta ba mu kyauta: a haƙa ɗan rami a ƙarƙashin tayar, sai ta sauka ciki a mirgino ta waje. Sai dai ramin ya yi nesa da katakon da ƙafar ke kai, aƙalla taƙi ɗaya da rabi, kada ƙasar ta zabtare.

In tayar gaba ake so, sai a mayar da nauyi baya. A ɗora buhun ƙasa ko na hatsi a kan kariya a ɗaure shi, har tayar baya ta sauka ta gaba ta tashi. A sa moton a giya ta ɗaya, a tokare tayar baya, igiyar ƙafar tsakiya kuma a ɗaura ta a ƙarfen gaban inji. Sannan a cusa guntun icce mai faɗi a ƙarƙashin gaban inji, ya cika wurin dam. Kada a ce yaro ya zauna a baya a madadin buhu. Yaro na gajiya, ko a kira shi ya tashi, moto ya dungura a kan ƙarafan gaba. Kuma kada a cire taya biyu lokaci ɗaya. A gama da ɗaya, a mayar, sannan a koma ɗayar.

Hanya ta biyu: ƙafar gefe da tokari

Wasu motoci, musamman dogaye na shiga daji irin Yamaha DT, ba su da ƙafar tsakiya. Wasu kuma tasu ta karye an jefar. A nan ana haɗa murhu mai duwatsu uku: tayar gaba, ƙafar gefe, da tokari.

A sa ƙafar gefe a kan katako, a ɗaure birkin gaba da roba, a juya kan moto hagu har ƙarshe. Mataimaki ya tsaya a hagu ya jawo moton wajensa a hankali, nauyin ya hau kan ƙafar gefe, har tayar baya ta ɗan rabu da ƙasa. Mai gyara kuma, daga dama, ya cusa tokari a ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe tayar baya, ko ƙarƙashin gindin matakin ƙafa. Tokarin ya zama guntun icce mai kauri da aka yanke kansa da gindinsa daidai da zarto, shi ma a kan katako. In an ɗan fafe samansa yadda ƙarfen zai zauna a ciki, ya fi kyau.

Wannan hanya ta dace da ɗan aiki: shafa wa sarƙa mai, duba ko taya na kaɗawa, neman inda ƙaya ta shiga. Ba a yi ƙafar gefe don ɗaukar nauyi mai yawa na dogon lokaci ba, kuma wadda aka taɓa yi wa walda ba abin amincewa ba ce. Mataimakin ya ci gaba da riƙe moton har a gama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Hanya ta uku: kututture a ƙarƙashin inji

In aikin zai ɗauki lokaci kuma babu ƙafar tsakiya, a nemi kututturen icce mai faɗi, busasshe, marar tsaga, wanda gara ba ta ci ba. A auna tazarar da ke tsakanin ƙasa da ƙarƙashin inji da kara, a ƙara yatsa biyu ko uku, a yanke kututturen daidai wannan tsawo. Faɗinsa ya kai tsawonsa ko ya fi, don dogo siriri faɗuwa yake yi. Tsohon turmi da aka kife na iya yin wannan aiki in tsawonsa ya dace kuma bai tsage ba, bayan an nemi izinin uwargida.

Mutum biyu su ɗaga bayan moton, na uku ya tura kututturen. Masu ɗagawa su durƙusa su miƙe da ƙarfin cinya, baya a miƙe. Mai turawa ya riƙe kututturen ta gefe, kada yatsunsa su hau samansa. A lura da inda nauyin zai sauka: ya sauka a kan ƙarafan jikin moto ko shimfiɗaɗɗen ƙasan inji. Kada ya sauka a kan salansa, ko notin juyen baƙin mai, ko sandar birkin ƙafa. Ƙasan inji ba ƙarfe ne mai tauri ba, yana iya tsagewa in nauyi ya taru a wuri ɗaya, shi ya sa icce ya fi dutse.

A tuna cewa moton da ke kan kututture ɗaya kamar sikeli yake. Da zarar an cire tayar baya, bayan ya yi sauƙi, nauyi ya koma gaba. In ta gaba aka cire, ya koma baya. Kafin a zare sandar taya a tambayi kai: in wannan nauyi ya fita, ina moton zai rinjaya, me zai tare shi a can?

Kirik na mota da reshen icce

Wanda ya samu kirik na mota, wato jak, zai iya amfani da shi, amma da sharaɗi. Kansa ƙarami ne, an yi shi ne don motar da sauran tayoyinta uku ke ƙasa. A sa katako a ƙarƙashinsa, a sa wani tsakaninsa da inji, a ɗaga a hankali wani na riƙe da moton. Da an kai inda ake so, a cusa kututture ya karɓi nauyin. Kirik mai aiki da mai na iya sauka da kansa sannu a hankali ba tare da an taɓa shi ba.

Reshen icce kuma babban mataimaki ne. In akwai dogon yaro ko wani icce mai rai a ƙofar gida, mai reshe da ya kai kaurin cinyar babban mutum, a ratayo igiya biyu masu ƙarfi, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, a ɗaura su a ƙarafan jikin moto ko gindin kariya. Kada igiya ta danne wayoyin birki ko na lantarki. Amfaninsu shi ne in tokari ya zame, moto ya tsaya a rataye maimakon ya kife. A guji busasshen reshe, da iccen rumfa, da azarar ɗaki. Ba a yi su don wannan nauyi ba, kuma in suka karye rufin ne zai biyo baya. Igiyar da rana ta cinye har tana gari a hannu, a bar ta.

Kwantar da moto

Akwai lokacin da mutum ke shi kaɗai a daji, ba katako ba mataimaki. A nan abin da ya fi aminci shi ne a kwantar da moton da gangan, don abin da ke kwance ba ya faɗuwa. A rufe makunnin isansi, a bar inji ya ci gaba da aiki har ya shanye na cikin kabureta ya mutu da kansa, a jira ya huce. A shimfiɗa buhu ko tsohuwar taya inda kan moto da tanki za su sauka, a kwantar a hankali, gefen da za a yi aiki na sama. In batir ɗin mai ruwa ne, gara a cire shi a ajiye tsaye, don ruwansa na cin fata da tufafi. In tanki a cike yake, a sa ido a kan murfinsa. Bayan an tayar da moton a ba shi ƴan mintoci baƙin mai ya koma mazauninsa kafin a kunna.

Abubuwan da ba a dogara da su

Bulo na siminti shi ne babban mayaudari. Yana da nauyi, yana kama da abu mai ƙarfi, amma cikinsa rami ne, kuma in ƙarfe ya danne shi a wuri ɗaya yana fashewa nan take ba gargaɗi. Tubalin ƙasa, wato birgi, yana marmashewa da bugun guduma ko ɗigon ruwa. Jarka da bokiti na lotsewa. Duwatsun da aka ɗora kan juna na zamewa. Icce mai zagaye da aka kwantar mirginawa yake yi. In ana son ƙarin tsawo, a jera katakai masu faɗi, babba a ƙasa ƙarami a sama.

Kowace hanya aka bi, kafin a kwance komai a yi gwaji. A kama moton a girgiza shi gaba da baya, dama da hagu, da ɗan ƙarfi, wani na tsaye a shirye. In ya motsa, a sauke a sake shiri. Gara ya nuna halinsa taya biyu na jikinsa da ya nuna shi hannunka na cikin ganga.

Sarƙa ba ta da tausayi

Muna roƙon matasa musamman su ji wannan. Kada a kunna inji a sa giya taya na sama don a wanke sarƙa ko a shafa mata mai. Tsumma na kamawa a haƙori, ya ja yatsa tsakanin sarƙa da faifai kafin mutum ya yi tunanin sakewa. Yatsan da ya shiga nan ba ya fitowa yadda ya shiga. Ko da hannu ake juya taya, a tsayar da ita, a goge, a janye hannu, sannan a sake juyawa. Tsohon buroshin haƙori ya fi tsumma. A naɗe hannun riga, a cire rawani ko a ɗaure shi.

A yawancin ƙananan motoci, sakin sarƙa da ake so a tsakiyarta santimita 2 zuwa 3 ne sama da ƙasa. Dogayen motocin daji sun fi haka. In akwai rubutu a jikin moton ko littafinsa, shi za a bi. A daidaita notocin ja na dama da na hagu a kan zane ɗaya don taya ta miƙe, a kuma sake dubawa bayan an sauke moton ƙasa.

Duk abin da aka ciro daga taya, noti da wasa da ƴan bututun ƙarfe, a jera su a kan tire ko tsabtataccen buhu bisa yadda suka fito. Rairayi in ya shiga boris cinye shi yake yi. Wanda ke da waya mai hoto ya ɗauka kafin ya kwance. Kada mai ko giris ya taɓa cikin gangar birki, kuma kada a hura ƙurar da ke ciki da baki, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Saukewa, da abin yi in an samu tsautsayi

In an gama, a kwashe kayan aiki, a tabbatar ba hannu ba ƙafa a ƙarƙashi, a kwance igiyoyi, a sauke a hankali. A ɗaure notin sanda da ƙarfi, a mayar da ƴar ƙusarsa. A cire robar birkin gaba. A gwada birki biyu ana tura moton da hannu, sannan a yi ɗan zagaye a hankali kafin a ɗauki kowa. Tsohon baƙin mai a zuba shi a jarka a rufe, nesa da rijiya da wurin shan dabbobi.

In moto ya fara faɗuwa, kada a tare shi. A ja da baya a bar shi ya faɗi. Madubi da fitila ana sayensu a kasuwa. Wajen tayar da shi, a sa shi a giya, in a dama ya faɗi a fara buɗe ƙafar gefe. A juya masa baya, a tsuguna ƙugu na jikin kujera, hannu ɗaya a kan kan moto na ƙasa, ɗaya a kariya, a tura da ƙafafu ana takawa baya kaɗan-kaɗan.

Wanda salansa ta ƙona, a dinga zuba wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a je gidan likita. Kada a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko baƙin mai, ko toka. In ruwan batir ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa na tsawon minti 15 zuwa 20, a tafi likita. In yatsa ya yanke, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a naɗe guntun a ƙyalle mai ɗan laima a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwan sanyi, a garzaya babban asibiti mafi kusa ba tare da ɓata lokaci ba. Wanda ake zaton ƙashinsa ya karye, kada a ja ƙafar ko a murza ta.

Saƙo ga ƴan uwa da ke waje

Da yawa daga cikin motocin da ke ƙauyukanmu, guminku ne ya saye su, daga Libiya, Aljeriya, Abijan, Akra, Legas da sauran wurare. In za ku aiko da kuɗin moto, ku ce a duba yana da ƙafar tsakiya mai kyau. Ku ƙara ɗan abin da zai sayi sufana masu lamba 10, 12, 14, 17 da 19 da wadda ta dace da notin sandar taya, da famfon iska, da igiya mai ƙarfi, da katako. Mai walda na gari zai iya ƙera ɗan teburin ƙarfe mai faɗin gindi daidai tsawon ƙasan inji, a ɗaura masa katako a sama. Guda ɗaya zai ishi unguwa, ana aro ana mayarwa.

Ku kuma gaya wa ƙannenku cewa akwai aikin da ba na gida ba ne. Sauke inji, kwance ƙarafan gaba, gyaran birki mai aiki da ruwa, miƙe jikin moton da ya lanƙwashe, waɗannan a kai wa bakanike ko da za a jira ranar kasuwa. Sauri ya haifi nawa.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman matasa masu kabu-kabu da yaran da ake aika su gyara moton gida. Wanda kuma ke da wata dabara da ya gwada ta yi masa aiki, ƙofar gidan rediyo a buɗe take, za mu isar da ita ga jama'a a shirinmu. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya sa albarka a abin hawanmu.